Yadda aka rage ƙarar firihob ɗin wani keke a Samaru

Keken da mai shi

Mai keken matashi ne, yana zaune a wani lungu a Samaru da ke Zariya, yana aiki a shagon buga takardu a unguwar PZ. Da keke yake zuwa aiki yake dawowa, ta Palladan da Kwangila, kimanin kilomita 20 a rana. Ranar Asabar ko Lahadi mukan fita tare, wani lokaci mu bi hanyoyin gonaki ta bayan Bomo, wani lokaci mu nufi Wusasa mu zagaya gindin Dutsen Kufena. Ni ne abokin hawansa, kuma ni na riƙa rubuta duk abin da aka yi wa keken a ɗan littafin aljihu.

A farkon Oktoba ya saye shi a Sabon Gari, na hannu ne, irin na hawan duwatsu: taya inci 29, giya 10 a baya, birkin faifai. Jikinsa lafiya lau. Idan aka daina taka feda yakan yi ɗan "tik-tik" a ƙafar baya, kuma a lokacin babu wanda abin ya dama.

Wurin da sautin yake fitowa masu gyaran keke a nan firiwil suke ce masa, amma iri biyu ne. Firiwil na asali, wanda ke jikin tsofaffin Raleigh da Phoenix, ɗaura shi ake yi a kan cibiyar ƙafa kamar yadda ake ɗaura noti, kuma duk kayan aikinsa suna cikin faifan giyar. Firihob kuwa, wanda kamfanin Shimano ya yaɗa tun ƙarshen shekarun 1970, ɓangare ne na cibiyar kanta, faya-fayan giya zura su kawai ake yi a kansa a kulle da zobe. A irin na abokina, akwai 'yan harsunan ƙarfe guda 3, kowanne bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, da siririn sifirin guda ɗaya da ya zagaye su yana ɗaga su. A kewaye da su akwai zobe mai haƙora 36. Idan ka taka feda, harsunan su cije haƙoran su ja ƙafar. Idan ka saki, haƙoran su riƙa wucewa ta kansu, sifirin yana mayar da kowane harshe ya bugi ƙarfe. Wannan bugun shi ne ƙarar. Tayar inci 29 tana cin kusan mita 2.3 a juyi ɗaya, don haka mai gangara da gudun kilomita 20 a awa yana jin bugu wajen 87 a daƙiƙa guda. Kunne ba ya iya rarrabe su, sai ya ji kamar kukan gyare.

Oktoba zuwa farkon Disamba: ƙara ta tashi

Sau biyu a ƙarshen damina ya kai keken wurin wankin mota, aka feshe shi da ruwan inji mai ƙarfi, har da kan giya. Daga nan hunturu ya shigo. Duk wanda ke bin titin Samaru a Nuwamba ya san yadda jar ƙura take kwanciya a gira da gashin ido. Sautin ya riƙa sauyawa a hankali, daga "tik-tik" mai taushi ya koma busasshe mai kaifi. A hanyar Bomo wata safiya mun iske garken shanu, ya saki feda don ya rage gudu, sai 'yan maruƙa suka watse cikin karan dawa, makiyayin yana bin mu da kallo.

Abin da ya sa ya tashi tsaye shi ne maganar wani dattijo maƙwabcinsa. Lungunsu ƙunci ne, katanga hagu katanga dama, kuma gangara ne zuwa bakin titi, dole mutum ya saki feda. Dattijon ya tare shi bayan sallar isha'i ya ce, "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, ka duba mana keken nan. Gwaggonka ba ta da lafiya, ba ta samun barci sai bayan asuba, kuma tagarta a kan lungun take."

Ya ce, "Wallahi Baba ban sani ba. A yi haƙuri, in sha Allahu zan gyara."

Washegari ya gwada tura shi da hannu, sai ya ga ƙarar tana nan, domin ƙafa na juyawa feda na tsaye. Daga ranar ya koma saɓa keken a kafaɗa har bakin titi.

Mun tsara awo guda biyu don kada mu riƙa dogara da "kamar ta ragu". A filin ƙwallon unguwa da sassafe, mu kifa keken, ya sa giya ɗaya kullum, ya juya feda da hannu sau 5 da ƙarfi ya saki. Ni kuma in riƙa tafiya ina ƙirga taku har in daina ji. Shi kuma ya duba agogon waya har ƙafar ta tsaya. Awon farko, makon farko na Disamba: taku 64, daƙiƙa 52.

Tsakiyar Disamba: fesawa da ɗigawa daga waje

Ya fara da man fesawa na gwangwani, irin wanda ake sassauta noti mai tsatsa da shi. Ya zura siririn bututun ta bayan babban faifan giya ya fesa har baƙin ruwa ya riƙa gangarowa ta wayoyin ƙafa. Washegari taku 48. Bayan kwana biyar taku 70, sama da inda aka fara. Wani ɓangare na feshin kuma ya ratsa ta tsakanin wayoyi ya sauka a kan faifan birki, birkin baya ya koma kuka ya rage kamu, sai da aka sayi sabon takalmin birki aka goge faifan da sifirit.

Mako guda bayan haka wani mai gyaran babur ya ba shi baƙin mai wanda aka juye daga inji. Ya kwantar da keken ya ɗiga a wuri ɗaya. Taku 66. Man bai wuce zoben robar da ke tsare bakin firihob ba, a waje ya tsaya, kuma cikin kwana uku ƙura ta manne masa ya zama wani baƙin taɓo a gindin giya.

Makon farko na Janairu: giris mai kauri

Ya kai keken wurin wani dattijon mai gyara da ke aiki a ƙarƙashin bishiyar darbejiya kusa da kasuwar Samaru. Mutum ne mai hannu, idan ya ɗaure maka wayoyin ƙafa sai ka shekara ba ka koma ba. Ya saurari ƙarar ya ce, "Ɗan samari, wannan ai ƙishirwa yake ji." Ya cire murfin gefe, ya ja firihob ɗin ya fito da giyarsa gaba ɗaya. Ciki a bushe yake, sai wani jan gari-gari a tsakanin haƙora. Ya goge sama-sama da tsumma, ya buɗe gwangwanin giris ɗin da ake sa wa boris ɗin mota, ya lakato da yatsa biyu ya cika wurin taf, ya mayar.

Shiru. A filin ƙwallo ban yi taku 3 ba na daina jin komai. Abokina ya gangara lungu a kan sirdi, dattijon maƙwabcinsa ya sa masa albarka. Amma awo na biyu ya faɗi daga daƙiƙa 52 zuwa 14. Akwai kuma wasu alamu biyu da na rubuta a ranar. Idan ana tura keken, feda tana juyawa da kanta kamar akwai mai takawa. Idan kuma ya saki feda a guje, sarƙar sama takan yi sako-sako har ta taɓa ƙarfen jikin keken.

Kwana tara aka yi a haka.

Tsakiyar Janairu: santsi a gindin Kufena

Ranar Lahadi ce, mun fita hazo bai washe ba, sanyi har yatsu sun ƙage a kan birki. Mun gangara wani ɗan kwari a gefen dutsen, sai hawa. Ya miƙe tsaye a kan feda ya danna da dukan nauyinsa. Feda ta tafi fayau babu abin da ta kama, kusan rabin juyi, sannan aka ji "ƙas!" Ƙirjinsa ya bugi kan keken, ƙafarsa ta zame, haƙoran feda suka yage masa ƙauri. Ya faɗi gefe cikin tsakuwa. Allah Ya kiyaye babu karaya, kuma babu mota ko babur a bayansa. Na daɗe ina tunanin da a ce a hawan gadar Kwangila abin ya faru, da safe, tsakanin tireloli.

Da ƙafa muka fito da keken zuwa titin Wusasa. A hanya na gwada fedar da hannu sau da yawa: wani lokaci ta kama nan take, wani lokaci sai ta yi tafiya kafin ta kama.

Kwana biyu bayan faɗuwar: buɗewa da wankewa

Mun koma wurin dattijon mai gyara. Bai yi musu ba, ya ce, "Kawo mu gani." Da ya zare firihob ɗin, harsuna biyu suna kwance a gurbinsu, giris ya riƙe su. Ya danna na ukun da bakin sukundireba ya saki, muka zuba ido yana ɗagowa a hankali kamar mai jin barci. Lafiyayyen harshe kafin ƙiftawar ido yake tashi. Giris ɗin kansa ya sauya launi, ya koma ruwan ƙasa, kuma da na murza shi tsakanin yatsu na ji yashi-yashi, wato tsohuwar ƙurar da ba a wanke ba ta gauraye da shi. A bakin harshen da ya rage yana aiki akwai 'yar ɓantara, domin shi kaɗai ya ɗauki nauyin da uku ya kamata su raba. Haƙoran zoben ba su lalace ba.

Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Firiwil ɗin da na saba da shi sifirinsa ya fi wannan taurin kai. Wannan waya ce kamar gashi."

Aka zuba kananzir a murfin kwano. Ya hana yaronsa kawo fetur, ya ce yana cinye roba, kuma gaskiyarsa. Wajen cire sifirin ne ya kuɓuce daga filaya, ya yi tsalle ya ɓace cikin ƙasar gindin bishiya. Mu huɗu muka durƙusa. Ƙasar wurin cike take da guntayen waya da tsofaffin ƙwallayen boris. Yaron shagon, ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, ya ruga wurin mai gyaran rediyo ya aro maganaɗisun tsohuwar sifika, ya riƙa jan sa a ƙasa layi-layi kamar mai shara, yana ɗagawa yana tsince abin da ya manne. A jan na shida sai ga shi, a lanƙwashe yadda yake, bai buɗe ba. Da ya ɓata, da keken ya zauna har sai an samo wata cibiya ta hannu an ciro nata.

Aka wanke harsuna da gurabensu da zoben haƙora da tsohon buroshin goge baki, ana kaucewa boris ɗin ciki don kada kananzir ya shiga ya narkar da man da ke rufe a cikinsu. Aka ciro zoben roba aka goge shi da tsumma mai tsabta. Aka shanya komai a kan takarda rabin awa. 'Yar ɓantarar nan ya lallaɓa ta da lallausar takardar yashi, shafa biyu ko uku, don kada ta ci gaba da tsagewa.

Ƙarshen Janairu: man keken ɗinki

Bayan abin da ya faru, abokina ya ce ba ya son ganin giris ko a gwangwani. Aka ɗiga man keken ɗinki, ɗigo biyu a gindin kowane harshe, kaɗan a kan haƙora. Feda ta koma kamawa nan take, ƙafa ta yi daƙiƙa 58 tana juyawa. Ƙara kuwa taku 51, bayan mako guda 57. Ya koma saɓa keke a kafaɗa.

Makon farko na Fabrairu: tsaka-tsaki

A nan ne muka zauna muka karanta abin da masu ƙera cibiyoyi suke cewa. DT Swiss, wanda nasa tsarin faya-fayai biyu ne masu haƙora 18 ko 36 ko 54 da ke haɗa fuska, yana da giris nasa na musamman kuma shafa kaɗan yake cewa a yi. Kamfanin Dumonde Tech na Amurka yana sayar da mai dabam da giris dabam, duka don firihob kawai. Shi kansa giris yana da lambobin kauri na ma'aunin da ake kira NLGI: wanda aka saba sa wa boris ɗin mota lamba 2 ne, lamba 0 da 00 kuwa sun fi laushi, har suna ɗan kwarara. Mun zaga shagunan kayan keke da na babur a Sabon Gari da Tudun Wada ba mu samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da muka samu shi ne sabon giris mai tsabta da man giyar mota mai lambar kauri SAE 90.

Dattijon ne ya haɗa. A murfin kwalba ya sa giris kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya, ya riƙa ɗiga man giya yana motsawa da tsinke, yana ɗagawa yana duba yadda yake zuba. Ya tsaya lokacin da ya koma kamar zuma, yana bin tsinken yana ɗiga a hankali. A ƙiyasi, kashi ɗaya giris, kashi biyu mai. Bayan an sake wankewa da busarwa, ga yadda aka raba shi. A kan haƙoran zobe, shafa da ɗan buroshi har ƙarfen ya yi sheƙi, amma ramukan haƙoran suna nan a fili ba a cike su ba. A gindin harsuna da kan sifirin, man giya zalla, ɗigo ɗaya-ɗaya. A leɓen zoben roba, giris tsantsa siriri, don ya tare ƙura a ƙofa. Kafin a mayar, ya danna kowane harshe sau goma yana kallon tashinsa. Wajen mayarwa kuma ya riƙa murza firihob ɗin baya-baya yana turawa a hankali har harsunan suka shige, bai buga ba.

Kusan rabin haɗin ya rage a murfin.

Awo: taku 22, daƙiƙa 41. Sautin yana nan amma ya yi ƙasa, ya zama kamar gurnanin kyanwa. Feda ba ta juyawa idan ana tura keken, sarƙa ba ta saki. Da sanyin asuba muka gwada a kan ɗan tudu sau ashirin, a saki a danna da ƙarfi, babu santsi ko ɗaya. Abokina ya sa ƙaninsa ya gangara lungun shi kuma ya tsaya a zauren maƙwabcin yana saurare. Ya ce sai da ya kasa kunne sannan ya ji wucewarsa.

Afrilu zuwa Agusta

Zafin bazara ya tsinka haɗin. A tsakiyar Afrilu taku 33, kuma an ga ɗan danshin mai a gindin giya. A farkon Mayu, bayan kimanin kilomita 1,500, aka buɗe. Man ya yi duhu amma babu yashi a cikinsa. Aka wanke aka sake, wannan karon giris da mai rabi da rabi saboda zafi. Taku 20.

A Agusta ruwa ya kama mu sau da dama, kuma sau ɗaya mun ratsa wani rafi a hanyar gona har ruwa ya kai cibiya. Bayan kwana huɗu sautin ya sauya, ya zama mai ɗan kaushi. Da aka buɗe, man ya yi fari-fari alamar ruwa ya shiga, ga ɗigon tsatsa a kan sifirin. Aka wanke a ranar. Wankin inji kuwa tun Fabrairu ya daina, bokiti da soso yake amfani da su.

Abin da na gani a ciki

Ƙarar farko bushewa ce ta kawo ta: ruwan inji ya kore man asali, hunturu ya cika gurbin da ƙura. Man fesawa ya kasa ne domin yawancinsa abin narkarwa ne, ya wanke ɗan sauran man da ya rage sannan ya bushe. Baƙin mai ko shiga bai yi ba, kuma gara da bai shiga ba, tunda wanda aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe. Man keken ɗinki ya yi aikin da ake so ga harsuna, sai dai ba shi da jikin da zai zauna tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya tausasa bugu.

Giris mai kauri shi ne kuskuren da ya fi tsada, kuma shi ne ya fi kama da nasara a ranar da aka yi shi. Abubuwa uku suka haɗu: kaurinsa ya fi ƙarfin sifirin, an cika shi har harsuna ba su da wurin motsi, sanyin asuba kuma ya ƙara daskarar da shi. Ina ganin laifina a nan bai gaza na kowa ba. Na rubuta daƙiƙa 14 da hannuna, na ga feda tana juyawa da kanta, amma murnar shirun ta sa ban ce a koma a buɗe ba. Firihob mai harsuna da aka ji ya yi tsit gaba ɗaya bayan shafa giris, a wurina yanzu alama ce ta a sauka a duba kafin a sake hawa. Dattijon mai gyara kuwa abin da shekaru suka koya masa a kan wani irin ƙarfe ya yi, kuma shi ne ya gano kaurin da ya dace da idonsa da tsinke.

Wannan haɗin namu na dole ne. Wanda ya samu man da mai cibiyar ya ambata, shi ya fi, musamman masu tsarin faya-fayai irin na DT Swiss. Bai kamata kuma a gauraya giris iri biyu da ba a san asalinsu ba, domin wasu ba sa jituwa. Yawancin firihob ɗin Shimano na da ba a zare su da hannu kamar wannan, da alanki (makulli mai kusurwa shida) mai milimita 10 ake kwance su bayan an cire ƙarfen tsakiya, kuma ta bayansu ake ɗiga mai bayan an ɗaga zoben roba. Sannan akwai iyakar da mai ba zai wuce ba: cibiya mai haƙora da yawa da sifirin mai ƙarfi an ƙera ta ne da ƙararta, ragewa kawai za a iya.

Yanzu abokina sau uku yake buɗe nasa a shekara: farkon hunturu, farkon damina, da ƙarshenta, ko duk ranar da ya ratsa ruwa mai zurfi. Aikin ba ya wuce minti arba'in. Yana shimfiɗa farin buhu a ƙasa kafin ya taɓa sifirin. Harshen nan mai 'yar ɓantara har yanzu shi ne a ciki, kuma muna neman cibiya ta hannu irin tasa da za mu ciro wani mu ajiye.